Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Iyalan Indiya Suke Tafiyar da Gidajensu

Bahaushe ya daɗe da sanin Indiya, amma yawancin sanin nan daga allon sinima ya samo shi, tun zamanin da ake cika gidajen kallo a Kano da Kaduna da Jos, har zuwa yau da ake kallon fassara a wayar hannu. Wasu sun san Indiyawa a matsayin malaman lissafi da kimiyya a makarantun sakandare na shekarun 1970 da 1980, ko masu kantuna da masana'antu, wasu kuwa jinya ko karatu ne ya kai su Delhi ko Chennai, suka kama hayar ɗaki, suka ga yadda maƙwabta suke kwana suke tashi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi idan hira ta biyo ta kan gidan Ba'indiye. Sai dai ƙasa ce mai mutum fiye da biliyan 1.4, da jihohi 28, da harsuna 22 da tsarin mulkinta ya lissafa, saboda haka duk inda aka ce Indiyawa suna yin abu kaza, akwai miliyoyin da ba su taɓa yin sa ba.

Da gaske ne kowane gida babba ne, kaka da 'ya'ya da jikoki duk a wuri ɗaya?

Ba kowane gida ba ne, kuma a yau irin waɗannan gidajen ba su ne mafiya yawa ba. Binciken lafiyar iyali da gwamnatin ƙasar ta gudanar tsakanin 2019 da 2021 ya nuna cewa fiye da rabin gidaje na miji da mata da 'ya'yansu ne kawai, kuma matsakaicin gida bai kai mutum biyar ba. Haihuwa ma ta ja baya ƙwarai, domin binciken ya sami kimanin 'ya'ya biyu ga kowace mace.

Abin lura shi ne ma'aunin da hukumar ƙidaya take amfani da shi. A wurinta, gida shi ne mutanen da suke ci daga madafa ɗaya, ba waɗanda rufi ɗaya ya haɗa ba, kuma wannan ma'auni ba baƙo ba ne ga wanda ya san gandu. Kamar yadda a ƙasar Hausa ake cewa 'yan'uwa sun raba tukunya ko da suna shiga ta zaure ɗaya, haka a arewacin Indiya ake cewa murhu ya rabu. Za ka ga bene mai hawa uku, uba da uwa a ƙasa, babban ɗa a tsakiya, ƙaninsa a sama, kowa da tukunyarsa, amma ƙofar shiga ɗaya ce, kuma ba wanda zai sayar da fili ko ya aurar da 'ya bai sauko ƙasa ya nemi izini ba. Har ɗan da aiki ya kai shi Bangalore ko Dubai yakan buga wa mahaifiyarsa waya kullum, kuma da wuya ya sayi gida ko ya sa wa jariri suna ba da saninta ba. Wato tukunya ce ta rabu, shawara tana nan a haɗe.

Dokar ƙasa ma ta san da zaman babban gida. Iyalin Hindu da ba su raba dukiyar gado ba suna iya yin rajista a matsayin jiki guda wajen biyan haraji, kuma wanda yake juya dukiyar, galibi babban namiji, ana kiransa karta.

Wa ke da iko a cikin gida?

A waje uba ne, amma daga ƙofar ɗaki zuwa madafa uwar miji ce. Amarya takan tare a gidan iyayen mijinta, ko da na 'yan shekaru ne kafin su ware, kuma a nan take iske komai a hannun uwar miji: makullan kabad, da abin da za a dafa yau, da yawan gishirin da gidan ya saba da shi. Kalmomi biyu, saas wato uwar miji, da bahu wato matar ɗa, sun isa su bayyana rabin rigimar gidajen ƙasar, har masu shirya wasannin talabijin sun shafe shekaru suna cin abinci da wannan dangantaka. Inda matan 'yan'uwa suke zaune tare, matar wa tana gaba da matar ƙani, kuma duk wadda ta san zaman facaloli ta san abin da hakan yake haifarwa.

A ƙauyukan Rajasthan da Haryana da Uttar Pradesh, matar ɗa takan ja gefen mayafinta ta rufe fuska a gaban mahaifin mijinta da yayyensa. Akwai kuma wata alkunya da za ta ba Bahaushiya dariya don kamarta da tata: matan da, da wasu na yanzu, ba sa faɗar sunan miji, sai dai su ce "baban wane", ko su kira shi da kalmar da take nufin "ji mana". 'Yan boko na birane sun fara sakin wannan, amma da yawa daga cikinsu suna komawa gare ta da zarar surukai sun zo.

Me ya sa sunayen dangi suke da yawa haka?

Saboda harshen Hindi ba ya barin dangin uwa su cakuɗe da dangin uba. Kakanni na wajen uba su ne dada da dadi, na wajen uwa kuwa nana da nani. Wan uba shi ne tau, ƙaninsa chacha, 'yar'uwarsa bua, 'yar'uwar uwa mausi, matar wa kuwa bhabhi. A nan ne Bahaushe yake rikicewa, domin nana a wurinsu tsoho ne mai gemu, kuma mama shi ne kawu, ɗan'uwan uwa. Ƙarami ba ya kiran babba da gatsal: yaya mace didi ce, namiji bhaiya, kuma ana liƙa ji a ƙarshen suna don girmamawa. Mabiya Hindu da Sikh sukan sunkuya su taɓa ƙafar babba idan an daɗe ba a haɗu ba, ko ranar biki, ko za a yi tafiya ko jarrabawa, shi kuma ya ɗora hannu a kansu ya sa albarka.

Yaya safiya take a gidan mai matsakaicin hali?

Wanda ya taɓa kwana a unguwar ma'aikata a Delhi ko Pune ba ya buƙatar agogo. Tun kafin ƙarfe shida ake jin ƙarar keke ko babur na mai kawo madara, wanda yake rataya ledoji biyu ko uku a jakar da aka bari a jikin ƙofa, sai mai jarida ya biyo baya ya wurga tasa. Uwar gida ce take fara tashi. Takan juye madarar a tukunya ta tafasa, ta ware wadda za ta kwana ta zama kindirmo, sauran kuma ta haɗa da ganyen shayi da sukari da dakakkiyar citta ta dafa su gaba ɗaya, domin shayinsu ba a haɗa shi a kofi. A gidajen Hindu da yawa ba a fara girki sai an yi wanka, sannan a je kusurwar da aka keɓe don bauta a kunna 'yar fitilar mai irin aci-balbal da turaren tsinke, wasu kuma su zuba ruwa a gindin tulsi, wani tsiro da suke ɗauka mai tsarki, da ke tsakar gida ko a baranda.

Daga ƙarfe bakwai sai unguwa ta ɗauki fito. Tukunyar nan mai murfin matsi, wadda take busa kamar usur idan tururi ya cika, tana kusan kowace madafa, kuma da busarta ake auna girki: uwa takan ce wa 'yarta ta sauke wake bayan busa uku, ba ta ce bayan minti kaza ba. Cikin wannan sa'a ɗaya mace take murza waina ta alkama, ta soya ganye, ta cika kwanon miji da na yara, ta nemo safar da ta ɓata, ta kitsa gashin 'yar makaranta da man kwakwa, kuma idan ita ma ma'aikaciya ce ta shirya ta bi bas ko jirgin ƙasa.

A kudu hoton yakan sauya. A Tamil Nadu mace takan share ƙofar gida da asuba, ta yayyafa ruwa, ta yi zane da garin shinkafa wanda ake kira kolam, kuma a maimakon shayi kofi ake sha, a karya da idli ko dosa, waɗanda ake yi da ƙullun shinkafa da wake da ya kwana ya tashi, kusan yadda ake kwana da ƙullun masa.

Madarar nan kuwa tana da tarihi. Ƙungiyar makiyaya ta Amul, wadda aka kafa a garin Anand na jihar Gujarat a 1946, da shirin bunƙasa madara da Verghese Kurien ya jagoranta daga 1970, su ne suka kai Indiya ga zama ƙasar da ta fi kowace samar da madara a duniya.

Shin Indiyawa ba sa cin nama?

Da yawa suna ci. A binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2021, kimanin kashi 39 cikin ɗari na manya ne suka ce ba sa cin nama, wato mafi yawa suna ci, ko da yake galibinsu suna da wani sharaɗi, kamar ƙin naman saniya, ko ƙin cin nama a wasu ranaku irin su Talata. Gujarat da Rajasthan su ne cibiyar masu ƙin nama, yayin da mutumin Bengal ba ya ganin ya ci abinci idan babu kifi da shinkafa, kuma a Kerala da jihohin arewa maso gabas ana cin naman shanu a fili. Jihohi da dama sun haramta yanka saniya, don haka jan naman da ake samu a wurare irin su Delhi yawanci na ɓauna ne ko na akuya. Mabiya addinin Jain sun fi kowa tsanani, domin masu riƙo a cikinsu ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali, da duk abin da ake tonowa daga ƙasa.

Abincin yau da kullum ba shi da alaƙa da abin da ake gani a gidajen cin abinci. A arewa waina ce ta alkama, roti, da romon ɓarzajjen wake, dal, da soyayyen kayan lambu irin su kuɓewa da yalo da farin kabeji, sai kindirmo da ɗan yajin mangwaro mai tsami a gefe. A kudu shinkafa ce da miyar sambar mai tsamiya. Kowace madafa tana da wani zagayayyen gwangwani na ƙarfe mai ƙananan kofuna bakwai a ciki, da kurkur da barkono da sauran kayan ƙamshi, kuma mai girki takan buɗe shi da hannu ɗaya ta ɗiba ba tare da ta duba ba. Abincin dare yakan yi latti, tsakanin ƙarfe takwas da goma, kuma a gidajen gargajiya maza da yara ne suke fara ci, mace tana tsaye tana gasa roti ɗaya bayan ɗaya tana miƙowa da zafinsa, sai sun ƙoshi ta zauna da abin da ya rage.

Mene ne labarin masu kai abincin rana a Mumbai?

Ana kiransu dabbawala, kuma sana'arsu ta faro tun 1890. Sukan karɓi jeren kwanonin abinci daga gidaje da hantsi, su bi da su ta keke da jirgin ƙasa, su kai wa kowane ma'aikaci nasa a ofis kafin azahar, sannan su mayar da kwanon gida. Kafin annobar korona, mutum kimanin 5,000 ne suke kai kwano wajen 200,000 a rana, da alamomin fenti a murfi a maimakon adireshi. Sana'ar ta rayu ne saboda Ba'indiye ya fi yarda da girkin gidansa, don tsada da tsabta, da kuma ƙa'idojin addini kan wanda ya dafa.

Wa ke yin aikin gida?

Mace ce, kuma alƙaluman gwamnati ba su ɓoye ba. Binciken yadda ake amfani da lokaci na 2019 ya nuna cewa kimanin mata takwas cikin goma suna aikin gida a kullum, suna shafe minti 299 a kai, yayin da namiji ɗaya cikin huɗu ne kawai yake taɓawa, shi ma na minti 97. Digiri da albashi ba su cika sauke wa mace wannan kaya ba, sai dai su ba ta kuɗin ɗaukar wata macen.

Shi ya sa gidan mai matsakaicin hali yake dogara da jerin mutanen da suke ƙwanƙwasa ƙofa. Akwai 'yar aiki da take zuwa sa'a ɗaya ta yi shara da goge ƙasa da wanke-wanke, ta wuce gida na gaba, har ta zaga gida biyar ko shida kafin la'asar. Akwai mai guga a bakin layi da ƙaton dutsen guga na gawayi, da mai turo kayan miya a baro yana shela, da mai sayen tsofaffin jaridu da kwalabe a kan sikeli, kamar 'yan gwangwaninmu. Akwai kuma mai kanti na unguwa da yake rubuta bashi a littafi zuwa ƙarshen wata, ko da yake tun da aka ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi ta waya na UPI a 2016, har mai sayar da albasa ya rataya lambar da ake ɗauka da kyamara.

A nan ne kuma tsarin jati, wato rukunin da aka haifi mutum a ciki, yake nuna fuskarsa. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar waɗanda ake ce wa ba a taɓa su, amma har yau akwai gidajen da suke ware wa 'yar aiki kofinta, ko su bar ta ta wanke ban ɗaki amma su hana ta kusantar tukunya. Mai gidan zai ce maka tsabta ce, sai dai tsabtar ba ta hawa kan kowa sai mutanen wasu rukunai.

Gidan ƙauye fa?

Mafi yawan Indiyawa har yanzu a karkara suke, kuma ranar mace a can ta fi tsawo, domin bayan girki akwai tatsar ɓauna da yankan ciyawa da aikin gona. Ana cuɗa kashin shanu a manna a bango ya bushe don hura murhu, kuma hayaƙin da mata suke shaƙa ne ya sa gwamnati ta fara raba wa matan talakawa tukunyar gas a 2016, ko da yake da yawa sukan koma ga itace idan kuɗin sake cikawa ya gagara. An yi gangamin gina ban ɗaki daga 2014, da na kai famfo gida-gida daga 2019. Dokar wadata ƙasa da abinci ta 2013 kuma ta ba mutum wajen miliyan 800 damar karɓar kilo biyar na shinkafa ko alkama kowane wata, don haka katin rabon abinci yana cikin takardun da ake adanawa a ƙasan akwati.

Me ya sa iyaye suke matsa wa yara kan karatu haka?

Domin gurabe kaɗan ne, masu nema kuma ba iyaka, kuma ga iyalin da ba su da gona ko kanti, sakamakon jarrabawar yaro shi ne jarinsu. Dokar 2009 ta wajabta karatu kyauta daga shekara 6 zuwa 14, kuma makarantun gwamnati suna ba da abincin rana, amma duk wanda ya sami hali yakan kai ɗansa makarantar kuɗi mai koyarwa da Ingilishi, da yamma kuma ya tura shi darasin ƙari. Shekarar da yaro zai rubuta jarrabawar aji 10 ko aji 12, gidan gaba ɗaya ne yake shiga takura: a rage kallon talabijin, a daina karɓar baƙi, uwa ta tashi da tsakar dare ta dafa masa shayi. Garin Kota a Rajasthan ya shahara da cibiyoyin horar da masu neman shiga karatun injiniya da likitanci, kuma ya shahara da labarin ɗaliban da matsin ya kai su ga hallaka kansu, abin da ya sa Indiyawa da kansu suke muhawara kan ko an wuce gona da iri.

Har yanzu iyaye ne suke zaɓa wa 'ya'yansu abokan aure?

A mafi yawan lokuta haka ne, duk da soyayyar da ake rerawa a fim. Abin da ya sauya shi ne salon: a da sai ranar biki ango yake ganin amarya, yanzu kuwa iyaye ne suke tace sunaye, ta hanyar dangi ko tallan jarida ko shafukan intanet, sannan a bar yaran su gana su ce sun yarda ko ba su yarda ba. Ana duba addini da jati da harshe da aiki, kuma Hindu da yawa sukan kai ranar haihuwar yaran biyu wurin masanin taurari ya gwada. Aure tsakanin jati daban-daban kaɗan ne, wajen biyar cikin ɗari a wani babban bincike na 2011 zuwa 2012. Doka ta sa shekarun aure 18 ga mace, 21 ga namiji.

Auren zumunci ya raba ƙasar biyu. A arewa Hindu ba ya auren wadda suka haɗa kakan kaka ta wajen uba, a wurare da yawa ma ba ya auren 'yar ƙauyensu, don haka amarya takan tafi nesa cikin baƙi. A kudu kuwa auren 'yar kawu ko 'yar gwaggo abu ne sananne, har wasu al'ummomi suna aurar da yarinya ga ƙanin mahaifiyarta.

Babban abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne inda dukiya take fuskanta. A nan namiji ne yake haɗa lefe ya biya sadaki, a can kuwa iyayen mace ne suke biya, kuma abin ya wuce kayan ɗaki da gara nesa ba kusa ba, domin dangin ango sukan yanka abin da suke so, kuɗi ko zinariya ko babur ko mota, gwargwadon karatun ɗansu da aikinsa. An haramta wannan tun 1961, an ƙara tsaurara hukunci a 1983, amma ana ci gaba da yi da sunan kyauta. Uba yakan fara tari tun 'yarsa tana rarrafe, wani ya jinginar da gona, kuma idan abin da aka kawo bai gamsar ba, amarya ce take ɗanɗana kuɗarta. Alƙaluman 'yan sandan ƙasar suna nuna mutuwar mata fiye da 6,000 a shekara a kan wannan rigima.

Wannan ne ya sa aka fi son ɗa namiji?

Yana daga cikin dalilai. 'Ya mace tana fita da dukiya ta koma wani gida, ɗa namiji kuwa yana zama ya kawo mata, ya riƙe iyaye, kuma a al'adar Hindu shi ne yake kunna wutar ƙona gawar mahaifinsa. Da na'urar hoton ciki ta yaɗu sai aka shiga zubar da cikin 'ya'ya mata, har aka yi dokar 1994 da ta hana likita faɗa wa iyaye jinsin abin da ke ciki. Duk da haka ƙidayar 2011 ta sami yara mata 919 kacal a kan kowane yara maza 1,000 'yan ƙasa da shekara bakwai, kuma Haryana da Punjab ne suka fi muni. Gyaran dokar gadon Hindu na 2005 ya daidaita 'ya mace da ɗa namiji a dukiyar kakanni, amma mata da yawa suna yafe rabonsu don kada su ɓata da 'yan'uwansu maza, waɗanda su ne mafakarsu idan aure ya yi tsami. Bikin Raksha Bandhan, inda mace take ɗaura wa ɗan'uwanta zare a wuyan hannu shi kuma ya yi mata kyauta, yana tsaye ne a kan wannan dogaro.

A jihar Meghalaya lamarin a juye yake: a wurin ƙabilar Khasi yara suna ɗaukar sunan dangin uwa, miji ne yake tarewa, kuma autar mata ce take gadon gida tare da nauyin riƙon iyaye.

Yaya ake yi idan an haihu?

A sassa da yawa mace takan koma gidan iyayenta don haihuwar fari, kamar goyon ciki da wankan gida a wurinmu, kuma takan yi kimanin kwana arba'in ba ta fita. Ana dafa mata abinci mai man shanu da kayan ɗumi, ana kuma shafe jariri da mai a murza masa gaɓoɓi kowace safiya kafin wanka. Hindu da yawa suna raɗa suna a kwana na 11 ko na 12, su yi wani ɗan biki ranar da yaro zai fara cin shinkafa wajen wata shida. Tun 2017 ma'aikaciya a kamfani ko ofis tana da hutun haihuwa na mako 26 da albashi, sai dai mafi yawan mata ba a irin waɗannan wurare suke aiki ba.

Gidajen Musulmin Indiya sun bambanta da na sauran?

Musulmi sun kai kashi 14.2 cikin ɗari a ƙidayar 2011, wato mutum kimanin miliyan 172, kuma sun fi yawa a Uttar Pradesh da Bengal ta Yamma da Bihar, ga kuma Kashmir da Assam da Kerala. A yawancin ƙasar aurensu da gadonsu suna bin dokar Musulunci da aka amince da ita tun 1937. Ana ɗaura aure da sadaki, ana yanka ragon suna, yara suna zuwa karatun Alƙur'ani, uwa ita ce ammi, uba abbu. A azumi ana buɗe baki da dabino da soyayyen ƙullun wake mai kama da ƙosai, a Hyderabad a sha haleem, wani fate na alkama da nama, ranar ƙaramar salla kuma a dafa siririyar taliya da madara da sukari a raba wa maƙwabta.

Amma tsarin zaman gida kusan ɗaya ne da na maƙwabtansu: amarya tana tarewa wurin uwar miji, kuma al'adar karɓar dukiya daga iyayen mace ta shiga cikinsu ita ma, duk da wa'azin malamai. Auren mace fiye da ɗaya, wanda dokar 1955 ta haramta wa Hindu, halal ne gare su a yawancin ƙasar, amma masu yin sa ba su da yawa ko kaɗan. Kotun ƙoli ta soke saki uku a lafazi ɗaya a 2017, majalisa kuma ta mayar da shi laifi a 2019.

Ina tsofaffi suke ƙarasa rayuwarsu?

Galibi a gidan ɗa namiji, inda kaka take raka jika bakin motar makaranta, tana tsince shinkafa, tana sa ido a kan 'yar aiki. Kai iyaye gidan tsofaffi abin kunya ne, amma ƙaurar matasa zuwa birane da ƙasashen waje ta bar tsofaffi da yawa su kaɗai, musamman a Kerala da Punjab, suna karɓar kuɗi ta banki da gaisuwa ta bidiyo. Kuɗin da Indiyawan waje suke aikowa gida ya haura dala biliyan 100 a 2022. Dokar 2007 ta ba iyaye damar kai ƙarar 'ya'yan da suka yi watsi da su, kuma samuwar dokar kanta ta nuna cewa matsalar ta fito fili. Matar Hindu da mijinta ya rasu ta fi shan wuya a gidajen gargajiya, inda ake sa ran ta cire ado ta sa fararen kaya, kuma garin Vrindavan ya tara dubban irin waɗannan mata da ba su da mai riƙe su.

Idan Ba'indiye ya gayyace ni gidansa, me ya kamata in kiyaye?

Ka cire takalmi a bakin ƙofa, kuma kada ka shiga madafa ko kusurwar bauta sai an ce ka shiga. Za a fara kawo maka ruwa, sannan shayi da ɗan abin taɓawa, kuma ƙin karɓa gaba ɗaya ba ya yi musu daɗi. Idan kai Musulmi ne ka faɗi abin da ba ka ci tun da wuri, domin sun saba da ƙa'idojin abinci fiye da kowa, ba kuma za su ji haushi ba. Da hannun dama ake ci. Abin da bakin wani ya taɓa ya zama saura a wurinsu, shi ya sa za ka ga suna ɗaga gora su tsiyaya ruwa a baki ba tare da ta taɓa leɓe ba, don haka kada ka sa cokalin da ka ci da shi a kwanon da ake ɗiba. Uwar gida za ta yi ta ƙara maka har sai ka rufe faranti da tafin hannu, kuma idan ta kaɗa kai gefe da gefe tana nufin to, ba a'a ba.

Kwalin alewar madara daga kanti ya isa tsaraba. Idan biki ne kuma za ka ba da kuɗi a ambulan, al'ada ita ce a ɗora rupi ɗaya a kai, a ba da 501 ko 1,001, har ana sayar da ambulan da aka riga aka manna wa kwabon a jiki. In ka tashi tafiya a gidan mutumin Tamil Nadu ko Bengal, za ka lura ba sa son a ce "na tafi", sai dai a ce "zan je in dawo", mai gida kuma yakan rako ka har bakin titi ya tsaya sai abin hawanka ya tashi.